Gashin Ciwon Dajin Ƙoda Ba Tare da Tiyata Ba: Yadda Ake Saita Haske da Hoto, da Inda Ake Samun Kuskure

Yawancin ƙarin ƙoda da ake kamawa da wuri ba shi aka je nema ba. Dattijo ne zai je sikanin a Garki ko Wuse a Abuja saboda fitsari na ba shi wahala, ko ciwon baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai takarda ta fito da layi guda a ƙasa: an ga wani tsiro mai faɗin santimita 3.5 a ƙodar hagu. Ba ya ciwo, ba jini a fitsari, mutum na cin tuwonsa lafiya lau. Wanda ya jira sai ya ga jini a fitsari, ko ya ji dunƙule a kwiɓi, ko rama ta kama shi, galibi cutar ta wuce matakin da muke magana a kai. Shi ya sa wannan layin na ƙasan takarda bai kamata a naɗe shi a jefa a durowa ba.

Likitoci na raba matakin farko gida biyu. Ƙarin da bai wuce santimita 4 ba, wato kamar faɗin ƙwan kaza, shi ake rubuta wa T1a. Daga 4 zuwa 7, kamar matsakaicin lemon zaƙi, T1b. A duka biyun sharaɗin shi ne bai fita daga ƙodar ba, bai shiga babbar jijiyar jini ba, bai kuma yaɗu zuwa huhu ko ƙashi ba.

Maganin da ya fi inganci a wannan mataki har gobe shi ne tiyata, musamman wadda ake yanke ƙarin kaɗai a bar sauran ƙodar. Duk mai ƙarfin jurewa, mai sauran shekaru a gaba, ita muke ba shi shawara. Matsalar ita ce cutar ta fi kama waɗanda suka manyanta, masu hawan jini da ciwon suga, wasu zuciya ta yi rauni, wasu sun taɓa samun shanyewar ɓarin jiki suna shan maganin tsinka jini, wasu ƙoda ɗaya gare su. Sai ɗa ya dubi likita ya ce, “Likita, Baba zai iya ɗaukar allurar barci kuwa?” Idan likitan barci ya ce akwai haɗari babba, nan ne ake fara duba sauran hanyoyi.

Hanyoyin uku ne. Akwai sa ido, domin ƙananan tsirran ƙoda da yawa ba sa ƙaruwa fiye da milimita 2 zuwa 3 a shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar ma ba sankara ba ne. Akwai soka allura ta fata a ƙone ƙarin da zafi ko a daskarar da shi da sanyi, wanda ke aiki sosai idan bai wuce santimita 3 ba, amma yana raguwa da inganci idan ya girma ko ya kwanta a tsakiyar ƙoda kusa da magudanar fitsari da manyan jijiyoyi. Ta uku ita ce gashi da haske mai ƙarfi da ake saitawa da hoto, wanda ake rubutawa SABR ko SBRT a takardun asibiti. Ba yanka, ba allurar barci, ba kwana a asibiti.

Me ya sa a da ake cewa gashi ba ya cin ƙoda

Duk likitan da ya yi karatu shekaru ashirin da suka wuce an koya masa cewa sankarar ƙoda ba ta jin gashi. Maganar tana da tushe. Gashin da aka saba yi ana raba shi ne ƙanana ƙanana, ma'auni 2 a kullum, Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako shida ko bakwai. Ma'aunin hasken shi ne ake rubutawa Gy. Ƙwayoyin sankarar ƙoda sun iya gyara ɓarnar da ɗan ƙaramin haske ya yi musu kafin gobe ta yi, don haka sai a gama mako shida ƙarin na nan daram, ƙodar da ke kewaye da shi kuwa ta sha wuya, domin ita lafiyayyar ƙoda ba ta da juriyar haske sosai.

Abin da ya sauya shi ne yawan hasken da ake bayarwa a zama ɗaya. Idan aka zuba Gy 14 ko 26 lokaci guda, ɓarnar ta fi ƙarfin gyara. Ban da karya ƙwayar halittar sankarar, hasken yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin, shi kuwa irin wannan ƙari jijiyoyi ne cike da shi. To amma Gy 26 ninki goma sha uku ne na abin da aka saba bayarwa a rana. Hasken da zai kashe ƙarin, idan ya sauka a kan hanji zai iya yi masa gyambo, ya toshe shi, ko ya huda shi. Saboda haka ƙarfin na'ura ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce saiti: a tabbata inda ƙarin yake a daidai wannan minti, da inda hanjin yake.

Abin da bincike ya nuna

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wani bincike mai suna FASTRACK II, wanda Farfesa Shankar Siva na cibiyar Peter MacCallum da ke Melbon a Ostareliya ya jagoranta, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet Oncology a 2024. Marasa lafiya 70 ne, a cibiyoyi bakwai na Ostareliya da ɗaya a Holan, aka ɗauke su tsakanin 2016 da 2020. Matsakaicin shekarunsu 77, matsakaicin girman ƙarin santimita 4.6, kuma duk an tabbatar da cutar ta hanyar gwajin nama. Mutum 23 da ƙarinsu bai wuce santimita 4 ba an ba su Gy 26 a zama ɗaya. Sauran 47, masu ƙari daga sama da 4 har zuwa 10, an ba su Gy 42 a zama uku. Bayan bibiya ta kusan wata 43, babu wanda ƙarinsa ya sake tashi a wurin da aka gasa, kuma babu wanda sankarar ta kashe. Mutum bakwai, wato ɗaya cikin goma, sun samu illa mai nauyi: amai, ciwon ciki ko kwiɓi, gudawa, toshewar babban hanji. Mutum ɗaya ya kai ga wankin ƙoda.

Kafin wannan, wata gamayyar cibiyoyi ta ƙasa da ƙasa mai suna IROCK ta tattara bayanan mutum 190 ta buga a 2022, inda ta samu cewa bayan shekara biyar kashi 5.5 cikin ɗari ne ƙarinsu ya dawo a wurin.

Sakamako ne mai kyau ƙwarai, amma a karanta shi da idon basira. Binciken na Ostareliya ba a raba mutane gida biyu an gwada gashi da tiyata ba, kuma waɗanda aka yi wa dattawa ne da tiyata ta gagara ko suka ƙi ta. Bai zama hujjar cewa ɗan shekara arba'in da biyar mai ƙoshin lafiya ya guje wa wuƙa ba. Sannan an samu wannan sakamako ne a cibiyoyin da aka riƙa duba tsarin gashin kowane mara lafiya da tsauri. Sakamakon na hanyar aikin ne, ba na sunan na'ura ba.

Kafin a kunna na'ura

Mataki na farko shi ne tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wasu iyalai na tsoron allurar za ta watsa cutar, amma hakan abu ne da ba safai yake faruwa ba. Illar ƙin yin gwajin ta fi yawa, domin a tiyata ana ciro ƙarin a duba shi daga baya, a gashi kuwa yana nan cikin jiki. In ba a gwada tun farko ba, ana iya gasa ƙodar mutum a kan tsiron da ba sankara ba. Gwajin kuma yana ware wasu cututtukan da wannan hanya ba tasu ba ce, kamar sankarar da ke fitowa daga magudanar fitsari ta cikin ƙoda, da wata mai saurin yaɗuwa da ake gani a matasa masu ɗauke da jinin AS. Ƙarin ƙoda na yara ma maganarsa daban ce.

Sai hoton CT na ƙirji da ciki, ko MRI, don tabbatar da cewa cutar ba ta yaɗu ba. Sai gwajin jini na kiriyatinin, wanda daga shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda da ake rubutawa eGFR. A binciken Ostareliya ba a ɗauki wanda lambarsa ba ta haura 30 ba. Inda hali ya samu ana yin wani hoto mai suna DMSA da ke nuna rabon aikin kowace ƙoda. Amfaninsa babba ne: idan ƙodar da ke da ƙarin ita ke ɗauke da mafi yawan aikin, lissafin haɗari ya sauya gaba ɗaya.

Daga nan sai ranar awo. Ana kwantar da mara lafiya rigingine, hannuwa sama da kai, a kan wata jaka mai cike da ƙananan ƙwayoyin roba. Ana zuƙe iskar ciki sai jakar ta sandare da siffar bayansa da kwiɓinsa, a rubuta sunansa a jiki a ajiye masa. A cikinta zai kwanta duk ranar gashi. Dattijon da kafaɗarsa ke ciwo ya faɗa tun a ranar, a sauya masa kwanciya, domin wanda ya daure a ranar awo zai motsa a ranar gashi.

A nan ne babban aikin yake. Ƙoda tana zaune ne a ƙarƙashin tantanin da ke raba ƙirji da ciki, don haka duk jan numfashi sai ta sauka, duk saki sai ta hau. Motsin yakan kai santimita ɗaya zuwa biyu, a wasu ma ya wuce. Hoton CT na yau da kullum yana kama ta ne a wuri guda, kamar hoton mai gudu. Abin da ake bukata shi ne CT mai bin numfashi, wanda ke raba numfashi ɗaya zuwa kashi goma, ya nuna inda ƙarin yake a kowane kashi. Likitan gashi zai zana ƙarin a duk waɗannan wurare ya haɗa su su zama fili ɗaya, sannan ya ƙara gefe na milimita 3 zuwa 5 saboda ɗan kuskuren kwanciya.

Idan motsin ya yi yawa filin zai faɗaɗa, ya cinye lafiyayyar ƙoda ya kuma kusanci hanji. Ana rage shi ta hanyoyi kaɗan. Mafi sauƙi shi ne a danne saman ciki da faranti ko ɗamara, numfashi ya gajarta. Ko a koya wa mutum riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20, a riƙa sakin haske a lokacin kaɗai, sai dai mai ciwon huhu ko zuciya ba lallai ya iya ba. Ko na'ura ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta gwargwadon numfashi. Na'urar CyberKnife kuwa bin ƙarin take yi yana motsi, amma galibi sai an dasa ƙananan alamomin zinare kamar ƙwayar shinkafa a kusa da shi, wato allura ta dawo ke nan, kuma mai shan maganin tsinka jini sai an yi shiri.

Bayan zana ƙarin sai a zana maƙwabta. A dama akwai hanta, da farkon ƙaramin hanji da ke manne da tumbi, da kwanar babban hanji. A hagu akwai tumbi, saifa, wutsiyar fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi), ƙaramin hanji da babban hanji. A tsakiya lakar ƙashin baya, a can gefe ɗayar ƙodar. Kowanne yana da iyakar hasken da ba a yarda a wuce ba. Masanin fiziks na asibiti ne ke tsara yadda hasken zai shigo ta kusurwoyi da yawa, na'ura na zagaye jiki, ta yadda zai taru a kan ƙarin da ƙarfi sannan ƙarfin ya faɗi da sauri a 'yan milimitoci daga gefensa. Ƙa'idar da ba a taɓawa ita ce: idan kare hanji da cika ƙarin da haske suka ci karo, hanji ake karewa. Ƙarin da ke gaban ƙoda yana gogar hanji ba a yi masa zama ɗaya. A raba shi uku ko biyar, wani lokaci ma a ce wannan hanyar ba ta dace da shi ba. Kafin mara lafiya ya hau gado sai an gwada tsarin a kan na'urar awo an ga abin da ya fito ya yi daidai da abin da kwamfuta ta lissafa. Duk wannan yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, kuma iyali su yi haƙuri da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar gashi

Ana ba da maganin hana amai kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a fara. Idan ƙarin na sama a ƙodar hagu, akan ce kada a ci abinci awa biyu zuwa uku kafin zuwa, don tumbi ya zama yadda yake ranar awo. Wanda ya zo awo da yunwa, ranar gashi kuma ya cika ciki da waina da kunu, ya turo tumbinsa cikin filin haske bai sani ba. Kumburin ciki da iska ma haka suke yi wa hanji.

Ya kwanta a jakarsa, ma'aikata su daidaita shi da alamomin da aka yi masa a fata, su fita su rufe ƙofa. Alamar fata ba ta isa ba, domin fata na ja ƙoda kuma na yawo. Na'urar, wadda ake kira linak, tana da hannuwa biyu a gefe da ke ɗaukar hoton CT a nan kan gadon. Tana zagayawa sau ɗaya cikin kamar minti ɗaya, hoton ya fito a allo, likita ya ɗora shi a kan hoton ranar awo. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a daidaita ƙashin baya da ƙashin baya a ce an gama. Ƙashi na iya zama daidai ƙodar kuwa ta goce da milimita bakwai. Dole a daidaita ƙoda da ƙoda, sannan a duba hanji: yau yana ina? Idan wata lanƙwasa ta hanji ta zamo ta kwanta cikin filin haske, a sauko da mutum, ya zaga, ya shiga bayi, a sake hoto, ko a ɗaga zuwa gobe. Ɗaga zama ba gazawa ba ce. Likitan da ya yi haka ya san aikinsa.

Idan komai ya zauna, gadon zai gusa da kansa da 'yan milimitoci, a saki haske. Ba a jin zafi, ba a ganin komai, sai ƙarar na'ura. Hasken kansa mintoci kaɗan ne, zaman duka rabin awa zuwa awa ɗaya. Mai zama uku akan bar kwana ɗaya tsakani. Yana sauka ya tafi gida, ba ya ɗauke da wani haske a jiki, zai iya ɗaukar jikokinsa ya ci abinci kwano ɗaya da iyali.

Akwai sababbin na'urori da suka haɗa linak da MRI, irin su Unity na kamfanin Elekta. Suna nuna ƙoda da hanji tar a lokacin da ake gashin, kuma ana iya sake tsara hasken a ranar gwargwadon kwanciyar hanji. Suna da amfani ga ƙarin da ke manne da hanji, sai dai tsada da tsawon zama. Ba sharaɗi ba ne. Linak mai hoton CT a jiki, a hannun ƙwararru, yana yin aikin.

Ga mai neman wannan magani daga Abuja, Asibitin Ƙasa yana da sashen gashi, kuma likitocin mafitsara a can da na asibitin koyarwa na Gwagwalada su ne ƙofar farko. Amma kasancewar na'urar gashi a wuri ba ya nufin ana yin wannan nau'in a wurin. Tsohuwar na'urar gashi ta kobal ba ta yinsa sam. Kowace cibiya aka nufa, ta gwamnati ko ta kuɗi, a gida ko a waje, a tambaya kai tsaye: kuna da CT mai bin numfashi? Kuna ɗaukar hoto a kan gado kafin kowane zama, kuma likita na tsaye a wurin? Ƙoda nawa kuka gasa ta wannan hanya? Likitan tiyatar mafitsara ya zauna da ku a kan wannan mara lafiya? In na'ura ta tsaya bayan zama na farko, ina za a ƙarasa? Ɗaukewar wuta a tsakiyar zama ba ta ɓatar da lissafi, domin na'ura na riƙe adadin da ta bayar, amma dole a sake hoto kafin a ci gaba.

Bayan gashi

A makonnin farko gajiya ce kan gaba, sai tashin zuciya, ɗan ciwon kwiɓi, wani lokaci gudawa. Abin da ke bukatar komawa asibiti a ranar shi ne amai da ya ƙi tsayawa, kumburin ciki tare da rashin bayan gida, baƙin kashi kamar kwalta, zazzaɓi, ko jini mai yawa a fitsari. Illar hanji na iya ɓullowa bayan watanni, don haka duk likitan da aka je wa a gaya masa an yi gashi a wannan gefen.

Ƙarfin ƙoda zai ragu, wannan ba makawa. A binciken Ostareliya lambar eGFR ta sauka da kusan 11 a shekarar farko, kusan 15 a ta biyu. Ga wanda ya fara da 70 wannan galibi ba ya kawo babbar matsala. Ga wanda ya fara da 32 yana iya kusantar da shi ga wankin ƙoda, kuma ya cancanci a faɗa masa tun kafin ya sa hannu. Abin da ke hannun iyali shi ne kare abin da ya rage: a riƙe hawan jini da suga, a sha ruwa sosai musamman a zafin Maris da Afrilu, a guji dikilofenak da ibufurofen da ake saye a kemis don ciwon gaɓɓai, a kuma guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Maganar azumi a yi ta da likitan ƙoda da sakamakon gwajin jini a hannu.

Inda aka fi ruɗewa shi ne hoton bibiya. Wanda aka yi wa tiyata, hoto zai nuna ƙarin babu shi. Wanda aka ƙone wa da allura, wurin zai daina shan ruwan launin da ake sakawa a jijiya. Bayan gashi ba haka ba ne. Ƙarin yana nan, yana ci gaba da shan launi, a wata uku zuwa shida na farko ma yana iya ɗan kumbura, sannan ya riƙa motsewa a hankali tsawon shekaru. Mai karanta hoton da bai san an yi gashi ba zai rubuta cewa cutar na nan, iyali su firgita, wani ya kawo shawarar a cire ƙodar. Gwajin nama da wuri ma yana ruɗarwa, domin yana iya nuna ƙwayoyin sankara da suke nan amma sun daina hayayyafa. Ana cewa gashi ya gaza ne idan ƙarin ya ci gaba da girma a hotuna biyu ko uku a jere, ba a hoto guda ba, kuma ko a lokacin tiyata ko ƙonawa da allura na iya yiwuwa ga wasu.

Akan yi hoton ciki da ƙirji tare da gwajin kiriyatinin duk wata shida a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara. A karɓi takardar da ke nuna ranar gashi, gefen da aka gasa, adadin Gy da yawan zama, a kuma karɓi hotunan a faifai ko filashi, ba rahoton takarda kaɗai ba. Duk sanda za a yi sabon hoto, ko a Abuja ne ko an koma gida, a miƙa wa mai karantawa tsofaffin ya auna ƙarin a kan layi ɗaya da na baya.